Yekuwar Sabuwar Fitowa: Tarihinta a Ayyukan Buɗaɗɗiyar Manhaja da Darasinta ga Masu Tsara Rubutun Hausa a Nijar

1. Gabatarwa

A watan Maris na 2025 kundin da ake kira Charte de la Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Jamhuriyar Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ƙara wa masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci nauyi, domin littattafan karatu da ƙamusoshi da takardun hukuma da za a buƙata duk da kwamfuta za a shirya su. Kayan aikin da ke sa kwamfuta ta rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ daidai kuwa, da yawansu ba a Yamai ake ƙera su ba, kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya: kullum ana gyara su, ana fito da sababbi.

Saboda haka tambayar yadda labarin sabon gyara yake isa ga mai amfani da shi ta zama tambayar da ta shafi aikin harshe kai tsaye. Wannan nazari zai bi tarihin yadda masu buɗaɗɗiyar manhaja suka riƙa sanar da jama'a sabuwar fitowa tun daga 1983, sa'an nan ya gwama shi da yadda aka riƙa fito da ƙa'idodin rubutun Hausa a Nijar tun daga 1966. Abin da tarihin ya nuna shi ne, shela wani sashe ce na aikin gyaran kansa, kuma gyaran da ba a yi shelarsa ba bai kammala ba.

2. Bayanin kalmomi

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce abin da ake kira logiciel libre da Faransanci, watau manhajar da aka bai wa kowa izinin ganin asalin umarnin da aka rubuta ta da su, ya gyara, ya kuma rarraba. Fitowa ita ce siffar manhajar da masu aikinta suka tsayar a wata rana, suka lanƙaya mata lamba, suka saka ta hannun jama'a, kamar dai yadda ake cewa fitowa ta goma ta wata jarida. Zubin haruffa shi ne fayil ɗin da ke ɗauke da zanen kowane harafi, wanda kwamfuta ke dubawa kafin ta nuna rubutu. Yekuwa da shela kuwa an yi amfani da su a nan da ma'anarsu ta gargajiya: sanarwar da mai iko da magana ya bayar domin kowa ya ji.

3. Zamanin wasiƙa da takarda (1983 zuwa 1996)

A ranar 27 ga Satumba 1983 Richard Stallman, a Amurka, ya aika da saƙo ta hanyar sadarwar Usenet, wadda ke haɗa jami'o'i da wuraren bincike, yana sanar da niyyarsa ta rubuta tsarin GNU ya bayar kyauta. A lokacin babu manhajar tukuna. Shelar ce ta rigayi aikin, kuma ita ce ta janyo masu taimako. Da kayan suka fara samuwa, sai aka koma ga takarda. Daga watan Fabrairu 1986 ƙungiyar FSF ta riƙa buga wata ƴar mujalla, GNU's Bulletin, inda ake lissafa manhajojin da suka kammala, da waɗanda ake kan aikinsu, da takardar odar tef ɗin da za a aiko wa mutum ta gidan waya. Wannan salo bai bambanta da na kowace cibiyar bincike da ke sanar da sababbin littattafanta ba.

Bayan shekara takwas, a ranar 25 ga Agusta 1991, Linus Torvalds, ɗalibi a jami'ar Helsinki, ya yi irin wannan sanarwa game da abin da ya zama Linux. Ya ce aikin sha'awa ne kawai, ya kuma roƙi masu karatu su gaya masa abin da suke so a ciki. Fitowa ta farko, mai lamba 0.01, ta zo a watan Satumba na wannan shekara, ta 1.0 kuwa sai a watan Maris 1994. Abin lura a waɗannan saƙonni shi ne, mai yin shelar shi ne mai aikin, yana faɗin abin da ke aiki da abin da bai yi ba tukuna, yana kuma jiran amsa. Mai amfani da manhajar abokin aiki ne da ake sa ran zai kawo rahoton kuskure. Wannan ɗabi'a ce Eric Raymond ya bayyana a 1997, inda ya nuna amfanin fito da aiki da wuri, a kuma riƙa fito da shi a kai a kai.

Tun a wannan zamani aka gane cewa shela tana buƙatar mai ita. Aikin Debian, wanda Ian Murdock ya sanar da kafuwarsa ranar 16 ga Agusta 1993, bai taɓa fito da lamba 1.0 ba. Dalili kuwa, a 1995 wani kamfanin buga faifan CD ya ɗauki siffar da ba ta kammala ba, ya rubuta mata 1.0, ya sa a kasuwa. Don kada a rikita jama'a, sai masu aikin suka tsallake lambar gaba ɗaya, fitowarsu ta farko ta zama 1.1 a watan Yuni 1996. Daga nan kowane babban aiki ya tsayar da wuri ɗaya sananne wanda abin da aka faɗa a cikinsa shi ne magana.

4. Lambar fitowa da takardar canje-canje

Saƙo yakan wuce, wanda bai gani ba ya rasa. Don haka aka ƙirƙiro hanyoyi biyu na sa shelar ta yi tafiya tare da kayan. Ta farko ita ce takardar canje-canje. Ƙa'idodin aikin GNU sun tanadi fayil biyu a cikin kowace manhaja: ɗaya mai suna NEWS, wanda ake rubuta wa mai amfani, ana faɗa masa abin da zai gani ya sauya, sabo a sama, tsoho a ƙasa, ɗaya kuma mai suna ChangeLog, wanda ake rubuta wa masu gyara, da cikakken bayanin wanda ya taɓa wane sashe da ranar da ya taɓa. Raba takardun biyu yana da hikima, domin malamin da ke son sanin ko aikinsa na jiya zai buɗu yau ba ya buƙatar tarihin kowane layi.

Hanya ta biyu ita ce lambar kanta. An daɗe ana neman yadda lamba za ta yi magana. A Linux, har zuwa fitowar 2.6 a Disamba 2003, lamba ta biyu idan cika ce, kamar 2.2 ko 2.4, tana nufin siffar da ta zauna. Idan mara ce, kamar 2.3 ko 2.5, tana nufin ta gwaji. Donald Knuth ya bi wata hanya dabam da manhajarsa ta shirya bugu, TeX: kowane gyara yakan ƙara lamba ɗaya a kan adadin da masu lissafi ke kira pi, har ta kai 3.141592653 a 2021, alamar cewa aikin ya tsaya, sai ɗan gyaran kuskure. Tsarin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne wanda Tom Preston-Werner ya rubuta ƙa'idarsa, wadda siffarta ta 2.0.0 ta fito a 2013. Lambar tana da gida uku. Idan gidan ƙarshe ya sauya, an gyara kuskure ne kawai. Idan na tsakiya ya sauya, an ƙara wani abu ba tare da ɓata tsohon aiki ba. Idan na farko ya sauya, to a yi hattara, abin da aka gina a kan tsohuwar siffa yana iya rushewa. Da kallo ɗaya mutum zai san ko ya ci gaba da aikinsa ko ya tsaya ya karanta.

Wani abin da aka koya da wahala shi ne sanar da ranar da tsohuwar siffa za ta daina aiki. Harshen shirya manhaja na Python ya fito da siffa ta 3.0 a Disamba 2008, wadda ba ta jitu da ta 2 ba. Masu aikin suka ci gaba da kula da tsohuwar har zuwa 1 ga Janairu 2020, watau shekara goma sha ɗaya ana tafiya da siffa biyu, kuma an faɗi ranar rufewar shekaru kafin ta zo.

5. Zamanin kalanda (daga 2004)

A da, amsar da ake ba mai tambayar ranar fitowa ita ce: sai an gama. Wannan amsa ba ta yi wa makarantu da ma'aikatu daɗi, domin su da kasafi da shekarar karatu suke aiki. Tsarin Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, ya yi fice wajen sauya wannan. Fitowarsa ta farko, ranar 20 ga Oktoba 2004, an ba ta lamba 4.10, watau shekara da wata, kuma aka yi alkawarin sabuwa kowane wata shida, a Afrilu da Oktoba. Kowace shekara biyu kuma akan fito da wadda ake kula da ita na tsawon shekara biyar. Ta haka kalanda ta zama shela: tun kafin a faɗa, an san ranar. Har zuwa 2011 kamfanin yana aika faifan CD kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, abin da ya sa sabuwar fitowa ta riƙa isa garuruwan da intanet ke da tsada. LibreOffice ma ta koma ga lambar shekara da wata a 2024, da fitowar 24.2.

A farkon wannan zamani fitowa biki ce. Da Firefox 1.0 ta fito a Nuwamba 2004, masoyanta suka tara kuɗi suka sayi shafi biyu a jaridar New York Times. A Yuni 2008 aka sauke Firefox 3 fiye da sau miliyan 8 a cikin sa'a 24. Amma daga 2011 aka koma fito da sabuwa kowane mako shida, daga 2020 kuma kowane mako huɗu, manhajar tana sabunta kanta ba tare da an tambayi mai ita ba. Dandalin Freshmeat, wanda tun ƙarshen shekarun 1990 yake tattara labarin sababbin fitowa kowace rana, ya daina aiki a 2014. Yau shelar tana nan a rubuce, galibi a GitHub, wanda ya tanadi shafi na musamman don haka tun 2013, amma na'ura ce ke karanta lambar kafin mutum. Wanda bai je ya nema ba, ba zai ji ba.

6. Inda shelar ba ta kai ba: haruffa masu lanƙwasa

Wannan tarihi ya taɓa Yamai ta fuskar haruffa. Ƙa'idar Unicode, wadda ke bai wa kowane harafi na duniya lamba ɗaya tabbatacciya, ta fito a 1991, kuma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da manyansu suna cikinta tun farkon shekarun 1990. Duk da haka, an daɗe a wuraren buga littattafan harsunan ƙasa ana amfani da zubin haruffa na gida, wanda ake samarwa ta hanyar cire wata alamar da ba a cika buƙata ba a sa ƙ ko ɗ a gurbinta. Laifin ba na masu bugun kaɗai ba ne, domin manhajojin ofis da zubin haruffa masu bin Unicode sun makara kafin su wadata. Amma ko bayan sun wadata, tsohuwar hanya ta ci gaba a hannun waɗanda labari bai kai musu ba. Rubutun da aka yi haka yana da kyau a takarda. Da zarar an buɗe shi a kwamfutar da ba ta da wancan zubi, sai haruffan su rikiɗe su zama wasu alamomi. Wasu kuma sukan bar lanƙwasar gaba ɗaya, har kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, su zama abu ɗaya.

Aikin DiLAF ya nuna tsadar wannan. A farkon shekarun 2010, masana daga INDRAP da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tare da abokan aiki daga Nantes da Grenoble a Faransa da kuma Bamako, suka ɗauki ƙamusoshin Hausa, Zabarmanci, Barbarci da Tamajak da shirin Soutéba ya wallafa domin makarantun firamare, don su sa su a intanet. Na Hausa da Faransanci ya fito ne a 2008, yana da kalmomi fiye da 7,000. Kafin a kai ga tsara ma'anoni, sai da aka fara mayar da haruffan na musamman zuwa lambobinsu na Unicode.

A halin yanzu kayan aikin suna nan, kuma kowane yana da hanyar shelarsa. Ƙungiyar SIL tana bayar da zubin Charis, Doulos da Andika, wanda aka zana musamman domin masu koyon karatu, a ƙarƙashin lasisin OFL, wanda siffarsa ta 1.1 ta fito a 2007. Al'adar wannan lasisi ce a haɗa kowane zubi da fayil mai suna FONTLOG, inda ake rubuta abin da ya sauya a kowace fitowa. Manhajar Keyman ta shirya allon bugu ta zama buɗaɗɗiya. Domin ajami akwai zubin Harmattan da na Alkalami, wanda ya bi salon rubutun Kano, kuma Unicode 13.0 ta Maris 2020 ta ƙara wasu haruffan da ajamin Hausa ke buƙata. Taskar CLDR, wadda wayoyi da kwamfutoci ke ɗaukar sunayen watanni da ranaku da jerin haruffa daga cikinta, tana da sashe na Hausar Nijar dabam da na Nijeriya, tana kuma fitowa sau biyu a shekara, bayan an buɗe ƙofar gyara ga masu harshen. Kusan dukan waɗannan sanarwa da Ingilishi ake yinsu. Cibiyar da ba ta da mai bin su, za ta ga sakamakon gyaran a wayar ɗalibi kafin ta san an yi shi.

7. Fitowar ƙa'idodin rubutu a Nijar

Idan aka dubi ƙa'idar rubutu da wannan ido, za a ga ita ma tana da fitowa daki-daki. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966 shi ne ya ba da siffar da ma'aikatan yaƙi da jahilci na Nijar suka yi aiki da ita, wadda a cikinta ake ninka dogon wasali. Sunayen jaridun karatun manya irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii shaida ne. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1974 aka kafa INDRAP. A Yuli 1978 wani taron UNESCO a Yamai ya tsara jerin haruffa na bai ɗaya domin harsunan Afirka. A Janairu 1980 cibiyar CELHTO ta tara masanan Nijar da na Nijeriya a Yamai domin daidaita rubutun Hausa, inda aka bar ninka wasali. Ƙudurin hukuma ya biyo baya a 1981. Sa'an nan a Oktoba 1999 ma'aikatar ilmi ta fito da ƙuduri mai lamba 212 a kan rubutun Hausa, tare da ƴan'uwansa na Fulatanci, Barbarci, Tamajak da Zabarmanci.

Ta ma'aunin lamba mai gida uku, sauyin 1980 na gidan farko ne, domin ya mayar da duk littafin da aka buga da ninkin wasali tsohon yayi, kuma dattijon da ya koyi karatu da shi sai ya sake sabo da sabuwar siffar kalmomi. Ƙudurin minista yana da ƙarfi biyu da masu manhaja suka sha wahala kafin su samu: an san mai shi, an kuma san ranarsa. Amma lambar 212 lambar rajistar ma'aikata ce, ba ta faɗin matsayin ƙa'idar a kan wadda ta gabace ta. Da Faransanci aka rubuta ta, alhali mai koyar da manya a ƙauye da Hausa yake aiki. Littafin da ke hannun malami kuma ba kasafai yake faɗin ƙa'idar da ya bi ba, sai dai a duba shekarar bugu a yi hasashe. Ga kuma bambancin da ya rage tsakanin ƙasashen biyu, inda Nijar ke rubuta ƴ, Nijeriya na rubuta 'y, wanda ke sa mai neman kalma a kwamfuta ya sami rabin abin da yake nema.

8. Kammalawa

Shekara arba'in na gwaji sun sa masu buɗaɗɗiyar manhaja sun tsaya a kan tambayoyi huɗu da kowace shela za ta amsa: wace fitowa ce wannan, me ya sauya, wane tsohon aiki ne sauyin zai ɓata, kuma har yaushe za a ci gaba da karɓar tsohuwar siffa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Bisa ga haka ana iya ba da shawarwari kamar haka:

(a) A bai wa ƙa'idar rubutun Hausa lambar fitowa tata ta kanta, ban da lambar ƙuduri, a kuma buga ta a bayan bangon kowane littafin karatu da ƙamus.

(b) Kowane gyara ya zo da takardar canje-canje iri biyu: gajeriya da Hausa, da misalan tsohon rubutu da sabo gefe da gefe, domin malamai da ƴan jarida, doguwa mai ɗauke da hujjoji domin masu bincike.

(c) A tsayar da lokaci ɗaya a shekara, kafin komawa makaranta a Oktoba, domin fito da sababbin kalmomi da gyare-gyare, a kuma faɗi tun farko shekarun da za a ci gaba da karɓar tsohon rubutu a jarrabawa.

(d) A ɗora wa wani sashe na cibiya nauyin bin sanarwar Unicode da CLDR da zubin haruffa, ya taƙaita ta da Hausa a wannan mujalla, ya kuma aika gyaran Nijar a lokacin da ƙofar gyara take buɗe.

(e) A yi ƙidayar tsofaffin fayilolin da aka buga da zubin gida, a mayar da su Unicode tun masu sanin sirrin waɗannan zubi suna bakin aiki.

Gidajen rediyo da cibiyoyin karatun manya da makarantun horar da malamai su ne hanyoyin da irin wannan shela za ta bi ta isa Maraɗi da Tawa da Dogondutsi, kuma duk suna nan. Abin da ya rage shi ne a ɗauki rubuta shelar a matsayin aikin masanin harshe, a sa ta cikin jadawalin aiki tun ranar da aka fara tunanin gyara.